Abin da kwali ba ya faɗa game da talabijin da wufa: fashin baƙi daga zangon Accra

Duk wanda ya taɓa ratsa Opera Square ko Zongo Lane, ko ya bi ta shagunan da ke kewaye da Circle, ya san yadda ake cinikin kayan sauti a garin nan. Mai shago zai murɗa wufa, wato lasifikar sauti mai nauyi, har sai gilashin kantarsa ya kama rawa, sannan ya nuna maka kwali: wat dubu biyar, 5.1, 4K, Bluetooth, Dolby. Mutum ya taso daga Nima ko Madina da kuɗin da ya daɗe yana tarawa, ya ga ai babu sauran magana. A kai kaya gida, a jona, a kunna fim, sai ƙarar babur a cikin fim ta girgiza ƙofa amma maganar da ake yi ba ta fita. Uwargida ta ce a ƙara murya, maƙwabci ya buga bango ya ce a rage.

Ba lalle ne an sayar maka da jabu ba. Sau da yawa kayan suna yin aikin da aka ƙera su domin shi. Inda gizo ke saƙar shi ne lambobin kwali ba su ne ke yanke abin da zai iso kunnenka da idonka ba. Masu yanke shi su ne irin abin da kake kallo da inda yake fitowa, da wayar da ta ɗauko shi, da ɗakin da kake zaune, da wutar ECG, kamfanin lantarkin Ghana, da ke ciyar da kayan. Babu ko ɗaya daga cikinsu da mai kamfani ya sani lokacin da yake buga kwali.

Mu fara da wat, tunda da shi ake kama yawancinmu. Hanya biyu ake rubuta ƙarfin amfilifaya, wato na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi kafin ya kai lasifika. Ta farko ita ce mai haruffan RMS, wato ƙarfin da na'urar za ta iya bayarwa a dawwame, waƙa bayan waƙa, sauti bai dagule ba. Ta biyu ita ce PMPO, kuma ita ce ake bugawa da manyan baƙaƙe. PMPO ba ta da ƙa'idar da masu ƙera kaya suka yi ittifaƙi a kanta. Kowane kamfani na lissafa tasa yadda ya ga dama: a ɗauki abin da na'urar za ta iya fitarwa na ƙiftawar ido, a tara na dukkan lasifikoki, a ƙara gishiri. Kamar a ce maka ɗan dako na iya ɗaga buhun shinkafa huɗu ne. Wataƙila ya iya cicciɓarsu daga ƙasa na daƙiƙa ɗaya, amma kai abin da ya dame ka buhu nawa zai kai maka daga Makola zuwa Circle.

Gano gaskiya ba ya buƙatar awo ko boko mai zurfi.

"Alhaji, ka ji ƙarfi ko? Wat dubu biyar ke nan."

"Na ji, ɗan'uwa. Juya mini bayan akwatin in gani."

Kusa da inda wayar wuta ta shiga akwai ɗan rubutu da ke faɗin wutar da na'urar ke sha: 220 zuwa 240V, 50Hz, sai adadin wat. In ka ga 60W ko 80W a wurin, zance ya ƙare. Na'ura ba ta iya fitar da ƙarfin da ya wuce wanda take ja daga soket, wani kaso nasa ma zafi yake zama. Ga kuma wani lissafi: fulogin da muke amfani da shi a Ghana, mai ƙafa uku irin na Ingila, fis ɗin cikinsa iyakarsa amfiya 13, wato kusan wat 3,000 a wutar bolt 230. Abin da ke ba da wat 5,000 na gaskiya, fis zai tsinke kafin ka ji amshin waƙar farko.

Ko wat na gaskiyar ma ba ya yin abin da ake zato. Da desibel ake auna ƙarfin sauti, kuma kunnen ɗan Adam ba ya tafiya da lissafin kasuwa. In ka ninka wat sau biyu, desibel 3 kawai ka ƙara, abin da za ka ji an ɗan taɓa rimot. Kafin kunne ya yarda cewa ƙara ta ninku, sai an ƙara kimanin desibel 10, wato an ninka wat sau goma. Saboda haka tsakanin amfilifaya mai wat 50 da mai wat 70 babu tazarar da ta cancanci ƙarin kuɗi. Lasifikar gida ta kirki tana ba da desibel 85 zuwa 90 da wat ɗaya tak, in kana tazarar mita ɗaya da ita, kuma wannan ƙara ce da za ta hana hira a ɗaki. Yawancin sauraron da muke yi da dare, 'yan wat ƙalilan muke ci. Sauran ajiya ce domin lokacin da ganga ko tsawa ta faɗo a cikin fim.

Abin da ke ba mutane mamaki shi ne ƙaramin amfilifaya da aka ƙure wa murya yana ƙona lasifika fiye da babba da ake bi a hankali. Idan ka murɗa shi ya wuce ƙarfinsa, sautin yakan tsage ya yi kaushi, kuma wannan kaushin yana faɗawa kan 'yar ƙaramar lasifikar da ke fitar da siririn sauti. Da ka ji murya ta fara ƙaiƙayin kunne, ka kai iyaka. Masu ɗaukar kayan ɗaki su fito da su tsakar gida ranar suna ko ɗaurin aure, su ƙure, su ne ke ciyar da masu gyara.

To sai 5.1, wanda a ganina ya fi wat cin kuɗin jama'a a banza. Ma'anarsa lasifika biyar da wufa ɗaya: biyu a gaba, hagu da dama, ɗaya a tsakiya, biyu a gefe daga ɗan baya, sai wufa mai ɗaukar sauti mai nauyi. An tsara shi ne domin gidajen silima. Kamfanin Dolby, wanda Ray Dolby ya kafa a Landan a 1965, ya kai tsarinsa na Dolby Digital silima a 1992, abokin gasarsa DTS ya biyo baya a 1993, daga baya faifan DVD ya shigo da su gidaje. Sharaɗin shi ne tun wajen haɗa fim a raba sautin gida shida, kowace lasifika da nata rabo. In ba a raba shi tun can ba, babu na'urar da za ta raba maka shi da gaske a nan.

Yanzu mu tambayi kanmu me ake kallo a gidajenmu. Tafsirin azumi da wa'azi. Fina-finan Kano da shirye-shiryen Arewa24. Fina-finan Kumasi da na Indiya da aka juya zuwa Twi. Labaran GTV da TV3 da Joy. Wasan ƙwallon Hearts da Kotoko, da ƙwallon Ingila ranar Asabar. Bidiyon YouTube da TikTok daga waya. Kusan duk waɗannan sautinsu na lasifika biyu ne, wasu ma na ɗaya, kuma kashin bayansu magana ce. Sautin 5.1 na ainihi sai a wasu tashoshin HD na dikoda, ko wasu fina-finan Netflix da makamantansu, ko faifai. Idan ka ba kayan 5.1 sauti mai hanya biyu, ko dai lasifikokin baya su yi shiru, ko na'urar ta kwafi na gaba ta watsa musu. Mai wa'azi ya yi magana ka ji shi daga gaba da ƙeya a lokaci guda, kalmomi na hawa kan juna.

Da yawa daga cikin masu araha da ake kira hom tiyata ma ba su da abin fassara Dolby a cikinsu ko kaɗan. Ka duba bayansu: in ramin shigar sauti ja da fari ne kawai, da Bluetooth da ramin filashi, to hanya biyu ce ke shiga, ko da lasifika bakwai ke fita. Kuma ko mai na ainihin, a gidaje nawa ka ga an ja waya an kai biyu baya? Abin da aka saba gani shi ne an jera duka biyar a kan kabad ɗin talabijin, kafaɗa da kafaɗa, an ɗora wa ɗaya hoton aure. An biya kuɗin kewaye, an samu layi.

Ga mai kuɗi ƙayyadaddu, lasifika biyu nagartattu sun fi biyar na roba. In da hali a ƙara ta tsakiya, domin a fim mai 5.1 kusan duk magana ta nan take fitowa. Wannan ma shi ne dalilin da ya sa fim ɗin Amurka ke wahalar ji a gida: an haɗa sautinsa domin babban zaure mai shiru, inda raɗa ke zama raɗa, fashewar bam ta zama fashewar bam. Da aka matse hanyoyi shida suka koma biyu, magana ta nutse a ƙarƙashin kiɗa. Maganinsa yana cikin saitin yawancin na'urori, ana kiransa yanayin dare ko ƙarin fitar murya. Yana ɗaga raɗa, ya danne fashewa. Ga gidan haya babu saitin da ya kai shi amfani, amma ba kasafai ake sanin yana nan ba.

Shi ya sa gwajin da mai shago zai yi maka ba shi ne gwajinka ba. Shi zai sa waƙa mai ganga, domin ganga ke ruɗin ciniki. Kai ka taho da karatu ko labaran rediyo a wayarka, muryar da ka san ta sarai, ka ce a sa, kuma a rage ƙara zuwa yadda za ka saurara bayan sallar isha. In ka ji haruffa suna fita rarrabe, sin da shin ba su cakuɗe ba, muryar namiji ba ta koma kamar daga cikin tulu ba, to kayan sun ci rabin jarrabawa.

Batun waya gajere ne amma yana ɓata wa mutane rai. Ja da fari hanya biyu suke ɗauka. Bluetooth ma haka, ga shi yana ɗan jinkiri, shi ya sa wani lokaci bakin mai magana ke riga muryarsa. Wayar haske, mai ɗan jan haske a baki, tana ɗaukar Dolby Digital 5.1. Mafi sauƙi ita ce HDMI, amma ba kowane rami ba: ka nemi wanda aka rubuta wa ARC, tsarin da ya zo a 2009, ko eARC na 2017. Ta wannan ramin ne talabijin ke mayar da sauti zuwa amfilifaya ko sandar sauti (doguwar lasifikar da ake ajiyewa a ƙasan talabijin), rimot ɗaya kuma ya riƙe murya. Sai saitin cikin talabijin: in yana kan PCM, hanya biyu zai tura, in ka sa shi ya tura Dolby alhali kayanka ba su san shi ba, shiru za ka ji ko shuuu. Wayar HDMI mai bakin ruwan zinariya da ake ninka wa kuɗi kuwa, a tazarar mita ɗaya ko biyu ba ta ƙara wa hoto komai. Ko ta kai saƙo ko ba ta kai ba.

Dolby Atmos, wanda ya fito a 2012, yanzu ana liƙa sunansa har a jikin 'yar sandar sauti. Asalinsa lasifika a sama ne. Sandunan da ke kwaikwayonsa suna harba sauti ya bugi silin ya dawo, kuma wannan na son silin shafaffe. Mai silin POP mai hawa-hawa, da fanka na juyawa a tsakiya, kada ya sa rai da yawa.

Wannan ya kawo mu ga ɗaki, wanda shi ne rabin sautin kuma ba a sayar da shi a shago. Ɗakunanmu a Nima da Maamobi da Sabon Zongo yawanci ciki da falo ne ko ɗaki ɗaya: bangon bulo da siminti, ƙasa tayil, taga mai gilashin luba. Duk abubuwa ne masu tauri da ke mayar da sauti. Abin da ya fito daga lasifika yana zuwa kunnenka kai tsaye, sannan kwafinsa ya biyo baya daga tayil, daga bango, daga silin, kowanne a makare kaɗan. Su ne ke dagula magana. Tafa hannu sau ɗaya a tsakiyar falo. In ka ji ɗan amo ya biyo baya, to duk tsadar kayan da za ka saya wannan amon zai hau kansu. Darduma mai kauri tsakanin kujera da talabijin, labule mai nauyi, kujerun kushin, kabad ɗin littattafai ko na tufafi, waɗannan na gyara sauti fiye da sauya amfilifaya. Ɗakin tsohuwa mai cike da kaya yakan fi falon saurayi mai sheƙi daɗin sauraron rediyo, kuma ba tsafi ba ne.

Sauti mai nauyi kuwa nasa halin daban. Sauti na tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, saboda haka igiyar sautin da ke kaɗawa sau 50 a daƙiƙa tsawonta ya kusa mita bakwai, ya fi ɗakin kansa. A ɗaki mai ƙafa 12, akwai wani amo wajen kaɗawa 47 a daƙiƙa da ke kai da komowa tsakanin bango biyu yana taruwa. A jikin bango ya yi yawa har ya dami ciki, a tsakiyar ɗaki ya kusa ɓacewa. In ɗakin murabba'i ne, ƙafa 12 ta kowane gefe kamar yadda aka saba ginawa, abin ya ninku. Shi ya sa maigida da ke zaune a tsakiya ke ta ƙara wufa yana cewa bai ji komai ba, yara da ke kwance a jikin bango kansu na ciwo.

Akwai dabara mai ban dariya amma tana aiki. Ɗauki wufa ka ɗora a kujerar da kake zama, ka sa waƙa mai ganga, ka durƙusa ka bi gefen ɗaki da rarrafe kana saurare. Inda ka ji gangar ta fito tsaf, ba ta yi gurnani ba kuma ba ta ɓace ba, nan ne mazaunin wufa. Kusurwa na ƙara mata ƙarfi amma tana ƙara gurnani. A rufe ƙofa kafin a fara, kada yara su ba da labari a makaranta.

Siririn sauti bango na tare shi, mai nauyi kuwa ratsawa yake, ta bulo, ta ƙasa, ta kwanon rufi da ɗakuna goma suka haɗa. Maƙwabcinka ba ya jin waƙar, dum-dum ɗin kawai yake ji, kuma shi ya fi hana barci. A gidan haya mai tsakar gida ɗaya, inda wani zai tashi asuba ya kama hanyar Tema, wata na jego, wani tsoho na fama da hawan jini, wufa babba ba ta da wurin zama, ko da kuɗinka ka saya. Haƙƙin maƙwabci ba sai an tuna wa ɗan zango shi ba. Ta fuskar hukuma ma, ƙa'idar hukumar kare muhalli ta EPA ga unguwannin zama desibel 55 ce da rana, 48 da dare. Kuma duk mazaunin Accra ya san watan da masarautar Ga ke hana kiɗa da hayaniya kafin bikin Homowo, wajen Mayu zuwa Yuni. Kunnenka ma na da nasa haƙƙi: masana lafiyar ma'aikata sun sa iyaka a desibel 85 na awa takwas, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi.

Mu juya ga hoto. Inci da ake faɗa daga kusurwa zuwa kusurwa ake aunawa, saboda haka mai inci 55 faɗinsa kimanin santimita 122 ne, mai 43 kuma wajen 95. A auna bango kafin a fita. Hoton kansa ɗigo-ɗigo ne. Full HD na da ɗigo 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye, kimanin miliyan biyu. 4K na da 3,840 da 2,160, sama da miliyan takwas. Amma ido na da iyaka. A kan mai inci 55, in ka wuce mita biyu da 'yan kai daga gilashin, da wuya ka bambance 4K da Full HD. A kan mai 43 sai ka matso ƙasa da mita biyu.

Babbar tambayar ita ce daga ina 4K ɗin zai fito. Tashar da ke watsa hoto na tsohon ma'auni tana aiko ɗigo 720 da 576. Talabijin na 4K dole ya miƙe kowane ɗigo ya cike gurbin ashirin, kuma inda babu bayani sai ya yi kintace. Wannan ne ya sa wasu ke cewa tsohon talabijin ɗinsu mai ƙeya ya fi sabon kyau. Ba ƙarya suke ba: ƙaramin gilashi na ɓoye aibi, babba na tona shi. 4K na gaskiya ta intanet yake zuwa, kuma Netflix da kansa ya ce yana son gudun megabit 15 a daƙiƙa, yana cin har gigabait 7 a awa ɗaya, HD kuma har 3. Wanda ke sayen bandil ɗin data da MoMo, wato kuɗin waya, ya yi wa kansa lissafin fim mai awa biyu. Ba cewa nake kada a sayi 4K ba, yanzu ma manyan talabijin kusan duk shi ne. Cewa nake kada a ƙara ko sidi ɗaya domin sunan, a duba hasken gilashin, da yadda baƙi ke zama baƙi, da yadda yake nuna tashar da aka fi kallo a gidan.

Sunayen LED da QLED da OLED sun yi kama a baki amma ba dangi ɗaya ba ne. LED da QLED duk gilashin LCD ne da fitilu a bayansa, QLED ya ƙara wani shimfiɗi da ke gyara launi. OLED kowane ɗigo ne ke ba da haskensa, baƙinsa ya fi na kowa, tsadarsa ma haka, kuma in aka bar tashar labarai mai tambari a wuri ɗaya kullum yana iya barin tabo. Ga falo mai hasken rana da talabijin da ke kunne tun safe, LED mai kyau ya wadatar.

Waɗannan fitilun baya su ne suka fi mutuwa. Na tsaya wurin wani mai gyara a Maamobi an kawo masa mai inci 43, murya na fita, gilashi baƙi ƙirin. Mai shi har ya fara tambayar nawa za a saye shi a matsayin lalataccen kaya. Mai gyaran bai ce komai ba, ya kunna tocilan wayarsa ya manna a gilashin, sai ga inuwar mai karanta labarai na motsi a ciki.

"Baba, hotonka na nan. Fitila ce ta mutu."

Ya kwance bayan, ya ɗaga gilashin a hankali da hannu biyu, ga layukan ƙananan fitilu a jere, biyu sun yi baƙi. Da yake a sarƙe suke da juna, ɗaya ta mutu sai layin ya ɗauke. Abin da ke gajarta musu kwana shi ne talabijin na fitowa daga kwali da haske a ƙure, domin ya yi gasa da na kusa da shi a shago. A gida a mayar da shi yanayin gida ko na fim, a rage hasken baya. Ido ya huta, mita ta rage gudu, fitilu su daɗe.

Kayan hom yus, wato na hannu daga ƙasashen waje, da ke shigowa ta tashar jiragen ruwa ta Tema suna da nasu alheri. Tsohon amfilifaya na Yamaha ko Denon ko Onkyo mai nauyi, da lasifikokin katako, sau da yawa sun fi sabon na roba sauti nesa ba kusa ba. Amma a karanta bayansu. Wutar Ghana bolt 230 ce, ta Amurka da Kanada 120, ta Japan 100. Talabijin da dikoda na zamani da yawa an rubuta musu 100 zuwa 240V, suna cin kowace. Manyan amfilifayoyi kuwa galibi wuta ɗaya suka sani. Na Amurka in ka soka shi a soket ba taransifomar rage wuta, ƙauri za ka ji. Taransifomar kuma ta fi abin da na'urar ke sha ƙarfi, ba 'yar ƙaramar da ake cajin aski da ita ba. Talabijin ɗin Amurka ko Japan na da wata matsalar: Ghana na watsa tashoshin dijital da tsarin DVB-T2, su kuma nasu daban ne, don haka eriya ba za ta kamo maka komai ba sai ka haɗa da dikoda. Wanda aka ce maka ba a gwada ba, an rage kuɗi, ka san caca ce, kuma mai sayarwa ya fi ka sanin katin.

Sai wuta, wadda ita ce ajalin yawancin kayan nan. Wanda ya ga dumsor, wato yawan ɗauke wuta, na 2012 zuwa 2016, musamman 2015 da ake ɗauke wuta awa 24 a kawo ta awa 12, ya san ba ɗaukewar ce ke kisa ba, dawowar ce. Takan dawo da tsalle, ko ta yi ta kai da komowa kafin ta zauna. A unguwanni masu cunkoso kuma, inda gidaje da yawa ke rataye a taransifoma ɗaya, da magariba wuta kan yi ƙasa, fanka ta yi sanyi, fitila ta dushe. Na'urori uku ake sayarwa domin wannan, kuma ana yawan ɗaukar su abu ɗaya. Gad, irin wanda ake sa wa firji da talabijin, yana yanke wuta in ta yi sama ko ƙasa da kima, kuma yana jinkirta ta 'yan mintuna bayan ta dawo. Stabilaiza yana ɗaga ta in ta faɗi, ya sauke ta in ta hau. Abin tare tsallen wuta kuma yana shanye bugu na farat ɗaya, amma sai soket na da wayar ƙasa mai aiki, abin da tsofaffin gidajen haya da yawa ba su da shi. Dogon soket mai ramuka shida da jan maɓalli ba ko ɗaya daga cikinsu ba ne, ramuka ne kawai. Dabi'ar nan ta tura murfin biro a ramin sama domin fulogi mai ƙafa biyu ya shiga, tana barin haɗi sako-sako, yana tartsatsi yana zafi. A yanke kan a sa mai ƙafa uku da fis.

Tsawa ba ta bin ƙofar da aka tsare kawai. A damina, daga Afrilu zuwa Yuli, takan biyo wayar dish ko eriya ta shiga dikoda, daga nan ta bi HDMI ta ƙona ramin talabijin da na amfilifaya, alhali gad na zaune lafiya a bango. In hadari ya haɗu sosai, cire fulogi da wayar dish shi ne kariya. Ƙurar hunturu kuma na toshe ramukan iska, ga danshin teku da ke cin bakin wayoyi a unguwannin da ke kusa da gaɓa. Amfilifaya na son sarari a samansa, ba a ɗora masa dikoda ba, ba a lulluɓe shi da kyallen ado yana aiki ba. A lulluɓe in an kashe.

Takardar garanti a karanta ta kafin a biya, a tabbatar lambar jikin na'urar ce aka rubuta a rasit. Yawancinsu ba sa ɗaukar ɓarnar wuta ko ta tsawa, kuma da mai duba kaya ya buɗe ya ga allon wuta ya ƙone, hukuncin da zai yanke ke nan. Saboda haka kuɗin gad ko stabilaiza, da na mai wayarin da zai duba wayar ƙasa, a cire su daga kuɗin tun a gida, abin da ya rage shi ne na talabijin, ko da hakan zai sa a sauko daga inci 55 zuwa 50.